Hannun Tela a Kan Babban Maɓalli

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Tafireta ake ce mata, tun daga mai kantin kan kwana har malamin asibitin da ke haya a gidan sama. Mijinta Tela ne kawai yake ce mata Sakatariya in yana so ya tsokane ta, kuma a da kullum yana so.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a wani ofishi mai hawa uku, a ɗakin ƙarshe kusa da matakala, inda taga ba ta kallon komai sai bangon wani ofishin. Mace ce gajera, mai saurin tafiya da saurin fushi, ba ta ɗaukar raini ko daga manaja. Malamar da ta koya musu aikin, kwali take rufe musu hannu da shi, tana zagayawa a bayansu da rula. Ido a kan takardar da kike kwafa, ba a kan inji ba, abin da take nanata musu ke nan safe da yamma. Wadda ta saci kallon yatsunta ta sha rula. Anti Tafireta sau biyu kacal ta sha, daga nan idonta bai ƙara sauka a kan inji ba har ta yi ritaya.

Da tafiretar hannu ta fara, mai ƙarfe a gefe da ake turawa in layi ya ƙare. Daga baya aka kawo musu mai lantarki, mai babban maɓalli a dama. Kana gama layi ƙaramin yatsa zai doke shi, takarda ta koma farko da kanta. A kan wannan injin ta fi daɗewa, a kansa kuma ta yi suna. Ranar da ta kama aiki an ba ta 'yar kwalbar farin ruwan nan na goge kuskure, kuma ta ce ba ta taɓa buɗe ta ba. Ko da ƙarin gishiri a labarin, kwalbar dai tana nan a kan kabad ɗin falo, ruwan ciki ya daskare, kuma duk baƙon da ya zauna ya wuce minti goma sai an nuna masa ita.

A ofishin nan Tela ya same ta. Ya zo neman aikin ɗinka wa masinjoji da masu gadi kayan aiki, aka ce sai ya kawo takardar nema a buge. Ta buga masa. Bayan kwana biyu ya dawo wai ta ɓace. Ta sake bugawa. Ya dawo wai ruwa ya jiƙa ta, ta buga masa ta uku. A zuwa na huɗu ta zaro kwafin kabon daga aljihun tebur ta ajiye a gabansa.

“Malam, ga ta nan. Ba sai na buga ba.”

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya ce shi gaskiya ƙarar injin yake zuwa ji, don bai taɓa jin hannu mai tafiya daidai haka ba, ba gaggawa ba tuntuɓe. Ta ce ya je ya nemi abin yi. Bayan wata bakwai aka ɗaura musu aure.

Da ta yi ritaya ba ta iya zaman banza ba. Autarsu, wadda ke koyarwa a wani gari mai nisa, ta bar mata tsohuwar kwamfutarta, ta nuna mata inda ake buɗe farar takarda da inda ake turawa a buga. Shi ke nan Anti ta kafa tebur a falo, jikin bango, tana buga wa 'yan layi wasiƙu da takardun neman aiki da na haya. Tela kuma kekensa na ɗinki yana ƙarƙashin taga, inda haske ya fi yawa, tun da ya bar shagon kasuwa ya dawo gida da aiki. Ɗaki ɗaya, inji biyu, fanka ɗaya da suke faɗa a kan inda za ta kalla. Shi yana ɗinki yana ce mata kwamfuta ba ta da murya, ita tana bugu tana ce masa ya kwashe zarensa daga ƙarƙashin kujerarta.

Shekara biyu da suka wuce idon Tela ya fara hazo. Da farko allura ce ta gagare shi. Sai Anti ta ɗauki al'adar tashi da safe ta zura masa zare a allurai goma na aikin hannu, ta soke su a jikin 'yar matashiyar da ke kan keken, ta zura masa na keken ma, ba tare da an yi maganar ba. Suka yi shekara a haka. Wata rana wani tsohon mai kawo masa ɗinki ya dawo da riga a leda, ya ajiye a bakin keke, ya yi gaisuwa ya tafi bai ce komai ba. Aljihu ne aka ɗinka a karkace, yatsa uku ƙasa da inda ya kamata. Tela ya shafa ya shafa, sannan ya nemi yadi ya lulluɓe keken. Wata biyar ke nan bai buɗe shi ba.

Zama yake yi a kujerar roba kusa da taga, rediyo a cinya. Abin da ya fi damun Anti ba rashin ɗinkin ba ne. Ya daina tsokanarta. Mutumin da ba ya iya shan ruwa bai ce wani abu a kan kofin ba, yanzu sai ta juya fanka gaba ɗaya wajenta bai tanka ba. Wannan shirun yana ci mata rai, kuma tsoro yake ba ta.

Likita ya ce yanar ido ce, kuma aikinta ba mai wahala ba ne. Akwai wani asibiti da likitocin ido ke zuwa sau ɗaya a shekara su yi wa mutane irinsa aiki, amma sai sunanka ya shiga jeri, kuma ba a shiga jerin sai ta fom na intanet. Kwana uku kacal ake buɗe fom ɗin. Likitan ya ƙara da cewa idon hagu bai kamata ya jira wata shekarar ba, ya faɗa yana kallon Anti, ba Tela ba. Takardar da ke ɗauke da lambar gwajin idonsa kuwa ba ta fito ba sai yammacin Laraba, ga shi Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe.

Anti ba ta taɓa cika fom a kwamfuta ba. Wasiƙu take bugawa. Amma da malamin asibitin gidan sama ya ce ko ya taimaka kafin ya fita aiki, kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana sauri. Ita da ta buga rahoton shekara mai shafi casa'in a yini biyu, gidajen fom goma sha huɗu ne za su gagare ta?

Da safiyar Alhamis ta yi komai yadda aka koya mata. Ta buɗe fom ɗin, ta sa lambar katin shaidarsa, ta karanta gidajen daga sama har ƙasa. A ƙasa an rubuta cewa gwaji uku kowace lamba take da shi, in suka ƙare an kulle ta. Ta yi tsaki, don ita ɗaya ya ishe ta. Ta kwafe amsoshin a farar takarda da biro, layi bayan layi, ta jingina takardar a kan abin jingina takarda da ta taho da shi daga ofis. Ta gyara zama, ta miƙe baya, ta kafa ido a takarda, yatsu suka kama aiki. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta gama. Sannan ta juyo ta kalli fuskar kwamfutar.

Gidajen sun ɓace. Wani jan rubutu ne a tsakiya: bayanai ba su cika ba, saura gwaji biyu.

“Ba su cika ba,” ta maimaita a fili. “Ni za a ce wa ban cika ba.”

“Me ya faru?” in ji Tela daga taga.

“Ba komai. Sabis ne.”

Ta leƙa ta aika a kira mata Mai Waya, wanda shagonsa na gyaran waya ke kallon ƙofar gidansu. Magidanci ne mai haƙuri, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma duk layin shi ake kira in wani abu mai batir ya yi gardama. Ya zo yana goge hannu, ya gaida Tela, ya zauna. Ya duba sabis, ya ce yana da ƙarfi. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya duba hoton katin da za a liƙa a fom ɗin, ya ce ya yi nauyi, ya rage shi. Can sai ya yi murmushi ya nuna kusurwar ƙasa.

“Anti, ga ɓarawon nan. Agogon kwamfutarki yana shekara uku baya. Wasu fom ɗin ba sa yarda da haka.”

Ranta ya yi sanyi nan take. Ashe dai laifin injin ne, kamar yadda ta zata. Ya gyara kwanan watan, ya sake buɗe mata fom ɗin, ya ce yanzu zai tafi sumul. Daidai nan wata mata ta yi sallama daga waje tana neman wayarta da ta bari tun jiya. Ya ce yana zuwa, ya fita. Anti ba ta ga dalilin jira ba. Ta gyara zama, ido a takarda, ta buga.

Jan rubutun ya dawo. Saura gwaji ɗaya.

Da Mai Waya ya dawo ya gani, sai ya sauke tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, kamar hakan zai canja rubutun. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, wataƙila matsalar daga can asibitin ce, wataƙila kuma kwamfutar ce ta tsufa. Ya ce kada a ƙara taɓawa. In ya sallami mutanen da ke shago zai dawo wajen ƙarfe uku ya gwada da tasa, amma gaskiya ba zai yi alkawari ba, tunda bai san abin da ke hana shi ba.

Ta shiga kicin ta tura ƙofa. Ta ɗauki tukunyar da ta riga ta wanke ta sake wanke ta. Kunya take ji, da haushin kanta, amma tsoro ya fi su duka. Da ta bar malamin asibiti ya cika tun da safe, da yanzu an gama. Girman kai ya sa ta ƙone gwaji biyu a kan idon mijinta, idon da likita ya ce ba zai jira ba. Ta tuna shi zaune a taga wata shekara guda cur, rediyo a cinya, keke a lulluɓe, sai hawaye suka zubo. Ta buɗe famfo sosai don kada ya ji.

“Ki kashe famfon nan,” in ji Tela daga falo. “Ba ruwa ne ya yi miki laifi ba. Zo.”

Ta share fuska ta fito.

“Buɗe farar takarda, irin ta wasiƙa. Ba fom ɗin ba. Ki buga min abin da kika buga ɗazu, yadda kika buga shi.”

“Malam, ba lokacin wasa ba ne.”

“Na sani. Buga in ji.”

Ya kashe rediyo. Ta zauna ta buga, don ba ta da ƙarfin musu. Ya karkata kai yana saurare, idanunsa a rufe. Da ta gama ya ce ta sake, a hankali. Tana gama layin farko ya ɗaga yatsa.

“Wannan. Wannan dukan mai nauyi na ƙarshe, mene ne?”

“Sauka layi ne. Babban maɓallin dama.”

“Ɗazu da kike cika fom ɗin, duk sau biyun, bayan dukan farko na ji kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara, kamar an taɓa cokali da kofi. Ke kina can kin yi nisa, ba ki ji ba. In kina buga wasiƙa ba ta yin wannan ƙarar.”

Ta juyo ta kalle shi.

“Kin tuna da na sayi keken lantarki?” ya ce. “Wata biyu ƙafata tana taka shi kamar na da, gaba da baya. Yadi nawa na ɓata? Na kira makaniki sau uku ya duba keken, ashe ƙafar ce ke buƙatar makaniki.”

Ba ta so ta yarda ba. Wallahi ba ta so. Amma ta ɗauki waya ta kira Auta, ta yi sa'a suna hutun rabin rana a makaranta. Ta sa wayar a murya ta faɗa mata komai, a taƙaice, kamar mai karanta rahoto.

“Umma, don Allah ki ce min ba babban maɓallin nan kike dannawa ba in kin gama kowane gida.”

“Shi nake dannawa. Da me zan sauka ƙasa?”

“A wasiƙa ne yake saukar da ke ƙasa. A fom aikawa yake yi. Kina gama rubuta sunan Baba kike tura musu fom ɗin, da suna kaɗai, sauran gidajen ba komai. Abin da kika buga bayan nan duk a iska ya tafi. Ba ki ga fuskar ta canja ba?”

“Ba na kallon fuska in ina bugu.”

“To yau sai kin kalla, Umma.”

Sai ga wata 'yar dariya daga wajen taga, a shaƙe, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba.

“Sau biyu kin aika musu sunana tsirara,” in ji Tela. “Ai yanzu duk asibitin sun san ni, Sakatariya. Ina shiga za a miƙe.”

Wata biyar ba ta ji wannan sunan ba. Ta so ta yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ta ce masa ya yi mata shiru tana magana da 'yarta.

Auta ta yi mata bayani. In ta gama gida, ta danna maɓallin hagu na sama, wanda ake tsallaka gida da shi in ana buga jadawali. Wannan Anti ta san shi tun kafin a haifi mai bayanin. Babban na dama kuwa kada ta kusance shi sai ta gama duka ta karanta. Aka buga ƙararrawar komawa aji, Auta ta ce a kira ta da zarar an gama, ta kashe.

Anti ta ce bari ta gwada a farar takarda tukuna. Ta kalli ƙaramin yatsanta na dama ta ja masa kunne kamar yaro. Layi na farko ya ji magana. Na biyu ya ji. A na uku, tana cikin tunanin lambar gwaji, sai ji ta yi ƙas, ya doki maɓallin kafin ta ankara. Ta sake daga farko, ya kai layi na biyar ya sake. Ta sake, ya yi a na biyu. Abin da hannu ya shekara da shekaru yana yi ba ya tsayawa neman izini. Ta janye hannayenta ta ɗora a cinya.

“A bar wa Mai Waya ya cika. Yanzu an san matsalar. Ni hannuna ba shi da amana yau.”

“Takardar neman aikina ke kika buga,” ya ce. “Har sau uku. Ta hayar shago ke. Ta sa Auta makaranta ke. Wannan ma ke.”

“Idonka ne fa, Malam. Gwaji ɗaya ya rage.”

“Na sani. Ai ni ke cikinsa.”

Ya tashi yana laluben bango, ya jawo kujerar robar har gefen teburinta na dama, ya zauna. Ya miƙo hannu ya ce ta nuna masa maɓallin. Ta kama yatsansa ta ɗora a kai. Ya shafa shi, ya auna faɗinsa da tsawonsa kamar zai yanka masa riga. Sannan ya kafa babban yatsa a gefen kwamfutar, ya lanƙwasa sauran suka yi wa maɓallin rumfa, ba su taɓa shi ba.

“In ka danna shi da kanka fa?”

“Shekara arba'in hannun nan yana tafiya kusa da allura. Ba ya rawa. Ido ne ya tafi, ba hannu ba. Buɗe.”

Ƙarfe biyu da rabi ta buɗe fom ɗin karo na uku. Ta kwantar da abin jingina takarda, ta ajiye takardar a gabanta, ta yi abin da da malamarta na raye da ta sha rula a kansa: ta kafa ido a fuskar injin. Ta buga sunansa harafi-harafi, kamar 'yar koyo. Tana gamawa ƙaramin yatsan ya zabura, ya sauka a kan gaɓar yatsan Tela.

“Ɗaya,” ya ce.

Ta ja numfashi, ta danna na hagu. 'Yar sandar da ke ƙyaftawa a fuskar kwamfutar ta tsallaka zuwa gida na biyu. Gidajen suna nan, ba jan rubutu. Ta buga ranar haihuwa. Yatsan ya sake zabura.

“Biyu. Ashe haka kike dukan bayin Allah, shi ya sa injinan ofis ba sa daɗewa.”

“Ka yi shiru ina aiki.”

Adireshi. Lambar waya. Lambar gwaji, wadda ta karanta a fili sau biyu shi yana maimaitawa. Wane ido. Ko yana shan wani magani. Sunan wanda zai rako shi ranar aiki, inda ta rubuta nata, sunan yankan da ba mai kiranta da shi. Wani gidan yatsan ya ji magana, wani ya doki Tela, shi kuma yana ƙirga ba ya gajiya. Hannunsa bai motsa ba ko kaɗan, sai dai ta ga jijiyar bayansa ta tashi.

A gida na goma sha biyu ta tsaya. Sana'a. A ƙarƙashi an sa wani ɗan akwati da za a taɓa in mutum ya daina aiki. Ta kalli akwatin, ta kalli keken da ke lulluɓe a ƙarƙashin taga. Ta buga haruffa huɗu.

“Me aka tambaya?”

“Sana'a.”

“Me kika sa?”

“Tela.”

“Na da.”

“Fom ɗin bai tambayi na da ba.”

A wannan gidan ma yatsan ya doke shi, amma bai ƙirga ba.

Ta gama sauran biyun, ta liƙa hoton katin yadda Mai Waya ya nuna. Ta koma sama ta karanta masa komai daga farko har ƙarshe, da muryar da take karanta wa manaja wasiƙa kafin ya sa hannu. Ya ce daidai ne. Ya ce yanzu zai janye hannu.

“Kada ka janye. Kai za ka danna.”

Ta kama yatsansa manuni, mai kanta a gefe saboda riƙon almakashi, ta ɗora a kan babban maɓallin. Ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar fuskar. Sannan kore ya fito. An karɓa, ga lambar jeri, ga ranar zuwa.

“Wane launi?” ya tambaya, don ya ga hasken ya canja.

“Kore.”

Ta ɗauki biro ta kwafe lambar a takarda biyu, ɗaya ta sa a jaka ɗaya a ƙarƙashin kwalbar kan kabad. Da Mai Waya ya shigo ƙarfe uku da kwamfutarsa a hammata, ya tarar da su suna faɗa a kan fanka. Anti ta faɗa masa gaskiya ba ta rage komai ba, cewa ba agogo ba ne, ba asibiti ba ne, yatsanta ne. Ya ce to ai agogon ma ya samu gyara.

Bayan sati shida aka yi wa Tela aikin idon hagu. Na dama an ce sai wani zuwan, kuma ba gaggawa a kansa. Ranar da likita ya ce zai iya komawa aiki kaɗan-kaɗan, da safe, shi ya yaye yadin da kansa, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga wa keken mai. Sai idonsa ya sauka a kan 'yar matashiyar. Allurai goma a soke, kowace da zarenta. Anti ta tashi tun da wuri ta zura su, hannunta ya yi abin da ya saba.

Ya zare ɗaya, ya cire zaren, ya jiƙa bakinsa da leɓe, ya ɗaga allurar wajen taga. Ya kuskure. Ya sake kuskurewa. Anti tana zaune a teburinta, ta kafa ido a takarda kamar ba ta san abin da ake yi ba. A na uku zaren ya shige. Ya ja shi a hankali har ya fito ta ɗaya gefen, ya riƙe yana kallo.

“Sakatariya,” ya ce, “ashe kin yi furfura haka ban sani ba?”

“Kai ka jawo min ita.”

Yanzu rabin aikinta cika fom ne. Na makaranta, na neman aiki, na asibiti, duk wanda ya gagari mutum a layin sai a ce ya kai wa Anti Tafireta. In mutum ya zo yana zagin sabis da kwamfuta, ba ta musu da shi. Kujera take ja masa ta ce ya zauna ya yi yadda ya yi ɗazu, ita kuma ta tsaya a gefe tana kallon hannunsa. A kan babban maɓallin dama akwai wani jan maɓallin riga da Tela ya manna mata da gam, don yatsan ya ji shi ya tuna. Har yau wani lokacin yana dokansa. In ya doka, daga ƙarƙashin taga, cikin ƙarar keke, sai ta ji an ce, “Ɗaya.”